Idan Mai Kira Ya Yi Shiru: Jagoran Tsara Guraben Ganin Dama a Ayyukan Aji na Python

A rumbun ƙungiyar manoma na ƙauyenmu, wanda ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari, akwai abubuwan da ba a ambata saboda kowa ya san su. Idan manomi ya kawo buhunan riɗi ya ce a sayar masa, ba ya tsayawa ya faɗi la'adar rumbu ko kuɗin 'yan dako, domin an riga an yanke su tun farkon kaka. Sai ranar da aka saɓa wa abin da aka saba, misali aka yafe wa uwar marayu la'ada, ko kuma mai kaya ya zo da 'ya'yansa suka loda masa mota da kansu, sannan ake buɗe baki a shaida wa ma'aji. Lokacin da aka ɗora mini nauyin mayar da littafin rumbun nan zuwa kwamfuta da harshen Python, na ga cewa mafi yawan aikin ba lissafi ba ne, tsara abin da manhaja za ta yi ne a duk lokacin da mai amfani da ita bai faɗi wani abu ba. Shiru ma magana ce, kuma wajibi ne mai rubuta manhaja ya yanke, da gangan, abin da kowane shiru yake nufi.

Ga kalmomin da zan yi amfani da su. Abin da ake buɗewa da `class` zan kira shi aji, abin da aka ƙera daga gare shi kuwa ɗan aji. Abin da ake buɗewa da `def` a cikin aji shi ne aikin aji. Sunayen da ke jere cikin baka bayan sunan aikin su ne gurabe, domin wurare ne da mai kiran aikin yake zuba bayani a ciki. Gurbin da ba a iya tsallakewa shi ne gurbin dole, wanda ake iya bari kuma gurbin ganin dama, sannan abin da aka ajiye domin ya cike gurbin idan an bar shi fanko shi ne ƙimar tanadi. Kuɗaɗen da ke cikin misalan duka na koyarwa ne kawai.

Mataki na farko: raba dole da ganin dama kafin ka taɓa kwamfuta

Ɗauki takarda ka rubuta duk bayanin da aikin yake buƙata, sannan ka yi wa kowanne tambaya guda: shin akwai amsar da ta dace da mafi yawan lokuta, wadda kuma ba za ta cutar da kowa ba idan aka manta ba a faɗa ba? La'ada da kuɗin dako suna da irin wannan amsa. Farashin buhu kuwa ba shi da ita, domin farashin riɗi na yau ba shi ne na makon jiya ba, kuma abin da aka tayar a Dawanau da safe yakan sauya ciniki a ƙauye kafin la'asar. Wanda ya ba farashi ƙimar tanadi ya buɗe ƙofar da za a sayar da kayan mutum a kan tsohon kuɗi ba tare da manhaja ta yi ko tari ba. A ganina, duk gurbin da mantuwa a kansa za ta jawo asara, to ya zauna a matsayin dole, ko da masu amfani da manhajar za su yi ƙorafin yawan rubutu.

```python
class Rumbu:
    def sayar(self, hatsi, buhu, farashi, laada=500, dako=200):
        return buhu * (farashi - laada - dako)

rumbu = Rumbu()
rumbu.sayar("riɗi", 10, 90000)          # 893000
rumbu.sayar("riɗi", 10, 90000, dako=0)  # 895000
```

Alamar daidai da ke bayan `laada` da `dako` ita ce ta mayar da su ganin dama. Ƙa'idar jeri kuma ita ce guraben dole su zo da farko, na ganin dama su biyo baya; idan ka sa `farashi` bayan `laada=500`, Python zai tsayar da kai da `SyntaxError` tun kafin layi ɗaya ya yi aiki, saboda ba shi da hanyar sanin gurbin da lambar da aka ba shi take nufi. Python 3 yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ a cikin sunaye, amma ba ya karɓar alamar hamza, shi ya sa na rubuta `laada` haka.

Mataki na biyu: fahimci lokacin da ake lissafa ƙimar tanadi

A nan ne ya kamata a daɗe, domin daga nan ne mafi yawan kurakurai suke fitowa. Python yana lissafa ƙimar tanadi sau ɗaya tak, a lokacin da ya karanta layin `def`, sannan ya ajiye sakamakon a jikin aikin, ya riƙa miƙa wannan abu guda ɗin ga duk wanda ya kira aikin ya yi shiru. Ba ya sake lissafa ta a kowane kira. Idan ƙimar lamba ce kamar 500, ko rubutu, ko `None` (kalmar da Python yake nufin babu komai da ita), babu damuwa, domin waɗannan ba sa sauyawa bayan an ƙera su. Amma idan jeri ne (`list`) ko ƙamus (`dict`, inda ake ajiye kowane abu a ƙarƙashin mabuɗinsa), waɗanda ake iya ƙara musu abu, to ga abin da zai faru:

```python
class Manomi:
    def __init__(self, suna, ajiya=[]):
        self.suna = suna
        self.ajiya = ajiya

na_farko = Manomi("na farko")
na_biyu = Manomi("na biyu")
na_farko.ajiya.append("gero, buhu 3")
print(na_biyu.ajiya)    # ['gero, buhu 3']
```

Manomi na biyu bai kawo ko ƙwaya ɗaya ba, amma ga buhu 3 na gero an rubuta masa. Dalili shi ne jerin fankon da ke kan layin `def` guda ɗaya ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma kowane ɗan aji da aka ƙera ba tare da an ba shi nasa jerin ba, wannan ɗin aka miƙa masa. Kamar a ce an ba mutanen gari kowa mabuɗinsa, kowa yana zaton ɗakinsa daban, alhali duk mabuɗan ƙofa ɗaya suke buɗewa. Wanda yake son ya gani da idonsa ya rubuta `print(Manomi.__init__.__defaults__)` bayan layukan da ke sama, zai tarar da geron yana zaune a cikin ƙimar tanadin kanta. Abin da ya sa wannan kuskure yake da haɗari shi ne ba ya bayyana idan da manomi ɗaya ka yi gwaji. Sai an shigar da mutum na biyu, kuma sau da yawa sai an fara amfani da manhajar a kan dukiyar jama'a.

Maganinsa shi ne a ajiye `None` a gurbin, a ƙera sabon jeri a cikin jikin aikin, inda ake sake bin layukan a kowane kira:

```python
class Manomi:
    def __init__(self, suna, ajiya=None):
        self.suna = suna
        self.ajiya = [] if ajiya is None else list(ajiya)
```

Ka lura da `list(ajiya)` a ƙarshen layin. Idan mai kira ya kawo nasa jerin, muna kwafe shi maimakon mu riƙe nasa, domin kada mu ƙara abu a namu ya bayyana a nasa, ko ya ba manoma biyu jeri ɗaya matsalar ta dawo ta bayan gida.

Wannan ƙa'ida ta lissafi sau ɗaya tana cizo ta wata fuska kuma, wato kwanan wata. Abu ne mai jan hankali mutum ya rubuta `rana=date.today()` a gurbi, yana nufin idan ba a faɗi rana ba a sa ta yau. A wurinmu da hasken rana ake cajin kwamfutar, kuma ma'aji ba ya kashe manhajar, murfin kawai yake rufewa ya buɗe washegari. Da an rubuta gurbin haka, manhajar da aka kunna ranar Litinin za ta rubuta Litinin a kan cinikin Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, wadda ita ce ranar da aka fi hada-hada, saboda tun ranar Litinin ɗin aka tambayi kwanan wata ba a sake tambaya ba. Nan ma `rana=None` ake sawa, sannan a kira `date.today()` a cikin jikin aikin.

Mataki na uku: idan ƙimar tanadi ta ɗan aji ce

Ba kowane rumbu ne yake karɓar la'ada ɗaya ba, don haka ya fi dacewa kowane ɗan aji ya riƙe tasa. Mai koyo yakan gwada rubuta `def sayar(self, buhu, laada=self.laada)`, sai Python ya amsa da `NameError`. Dalilin shi ne wanda muka gani: a lokacin da ake karanta layin `def` ba a ƙera ko ɗan aji ɗaya ba, saboda haka babu wani `self`, wato ɗan ajin da ake aikin a kansa, da za a duba. Akwai kuma masu ajiye `LAADA = 500` a saman ajin su rubuta `laada=LAADA` a gurbi. Wannan yana wucewa ba tare da kuskure ba, amma lambar ta daskare tun ranar farko. Ko an sauya `Rumbu.LAADA` daga baya, ko wani aji da ya gaji wannan ya sa tasa, aikin zai ci gaba da cire 500. Hanyar da ta tsaya daidai ita ce wannan:

```python
from datetime import date

class Rumbu:
    def __init__(self, suna, laada=500, dako=200):
        self.suna = suna
        self.laada = laada
        self.dako = dako
        self.littafi = []

    def sayar(self, hatsi, buhu, farashi, laada=None, dako=None, rana=None):
        if laada is None:
            laada = self.laada
        if dako is None:
            dako = self.dako
        if rana is None:
            rana = date.today()
        self.littafi.append({
            "hatsi": hatsi, "buhu": buhu, "farashi": farashi,
            "laada": laada, "dako": dako, "rana": rana,
            "mai_bashi": None,
        })
        return buhu * (farashi - laada - dako)
```

Yanzu lambobin 500 da 200 wuri ɗaya suke zaune a duk manhajar, kuma ranar da taron ƙungiya ya ƙara la'ada, wuri ɗaya za a gyara.

Mataki na huɗu: sifili ba shiru ba ne

Akwai gajeriyar hanya da ake yawan gani, wato `laada = laada or self.laada`, wadda take mayar da layi biyu ɗaya. Da ita na fara rubuta manhajarmu, kuma ita ce ta jawo mini ranar da ba zan manta ba. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu a daminar ta aiko da buhu 10, shugabanni suka yafe mata la'ada, na shigar da `laada=0`, aka ƙirga mata kuɗi bisa abin da allo ya nuna. Da yamma ma'aji, dattijo ne sa'an mahaifina, ya duba littafinsa na hannu ya kira ni ya ce, "Ɗana, a gabanka aka yafe la'adar nan, yaya aka yi na'urarka ta cire naira 5,000?" Na ce, "Baba, ka ba ni zuwa bayan isha'i in duba." A daren aka mayar mata da kuɗinta, amma na kwana ina tunanin abin da zai faru da a ce dattijon ya daina riƙe littafin hannu.

Abin da ya faru shi ne kalmar `or` ba ta tambayar ko an ba da abu. Tana tambayar ko abin da aka bayar yana da nauyi ne. A wurin Python, 0 da 0.0 da rubutu fanko da jeri fanko da ƙamus fanko da `False` duk marasa nauyi ne, daidai da `None`. Da ya ga sifili sai ya tsallake zuwa la'adar rumbu. Amma a harkar kuɗi sifili magana ce cikakkiya: an yafe, ba a biya ba, babu saura. Saboda haka `is None` ake rubutawa koyaushe. An fi son `is` a kan `==` kuma, domin `None` abu ɗaya ne tak a duk manhajar, `is` yana tambayar ko shi ɗin ne da kansa, alhali kowane aji yana iya sauya ma'anar `==` yadda ya so.

Mataki na biyar: lokacin da `None` kansa yake da ma'ana

Wani lokaci `None` ba ya isa ya tsaya a madadin shiru, domin shi ma amsa ce da mai kira zai iya nufi. A littafinmu kowane ciniki yana da wurin mai bashi: idan ɗan kasuwa ya ɗauki kaya bai biya ba ana rubuta shi, idan babu bashi wurin yana ɗauke da `None`. To a aikin gyara ciniki akwai hali uku: a sa sunan mai bashi, a goge shi saboda ya biya, ko kuma kada a taɓa wurin sam saboda farashi kawai aka zo gyarawa. Idan `None` ne ƙimar tanadi, hali na biyu da na uku sun zama ɗaya, kuma ko dai gyaran farashi ya goge bashin mutane, ko a rasa hanyar goge bashin wanda ya biya. Mafita ita ce a ƙera wata alama ta musamman wadda babu mai kiran da zai kawo irinta bisa kuskure:

```python
_SHIRU = object()

class Rumbu:
    # sauran ayyukan suna nan yadda suke

    def gyara(self, lamba, farashi=_SHIRU, mai_bashi=_SHIRU):
        shafi = self.littafi[lamba]
        if farashi is not _SHIRU:
            shafi["farashi"] = farashi
        if mai_bashi is not _SHIRU:
            shafi["mai_bashi"] = mai_bashi
```

Da wannan, `rumbu.gyara(4, farashi=91000)` ba ya taɓa bashi, `rumbu.gyara(4, mai_bashi=None)` kuwa yana goge shi. Wajibi ne `_SHIRU` ya zo a sama da ajin, saboda ana buƙatarsa a lokacin karanta `def`. Layin ƙasa da ke farkon sunan al'ada ce ta masu Python da ke nuna cewa abin na cikin gida ne. Shi kansa Python yana bambanta waɗannan halaye: idan ka kira `pop` a kan ƙamus da mabuɗin da babu, zai ba ka `KeyError`, amma idan ka ƙara masa `None` a gurbi na biyu sai ya mayar maka da `None` cikin lumana, wanda ke nuna cewa bai ɗauki shiru da `None` abu ɗaya ba. Kada dai a mayar da wannan dabara abin yi a ko'ina. Inda `None` ba shi da wata ma'ana ta daban, shi ya fi sauƙin karantawa.

Mataki na shida: tilasta ambaton suna

Dubi wannan kira: `rumbu.sayar("riɗi", 10, 90000, 200, 0)`. Wanda ya rubuta shi yana iya nufin dako 200 la'ada sifili, alhali a jerin gurabe la'ada ce ta riga. Abin da ya sa wannan ya fi sauran ɓoyuwa shi ne kuɗin da manomi zai karɓa ba ya sauyawa, tunda duka biyun cirewa ake yi. Sai ƙarshen mako, lokacin biyan 'yan dako, za a tarar littafi ya zuba guminsu a asusun ƙungiya. Tun Python 3.0, wanda ya fito a 2008, akwai maganin wannan: a sa tauraro shi kaɗai a cikin jerin gurabe, duk gurbin da ya biyo bayansa ba ya karɓar komai sai an ambaci sunansa.

```python
    def sayar(self, hatsi, buhu, farashi, *, laada=None, dako=None, rana=None):
```

Yanzu kiran da ke sama zai tsaya da `TypeError`, dole a rubuta `dako=200, laada=0`, wanda ko ma'ajin da bai san Python ba zai iya karantawa ya gane. Haka aka gina `sorted` na Python, inda `key` da `reverse` ba sa shiga sai da suna. Ra'ayina shi ne duk aikin da yake da gurbin ganin dama fiye da ɗaya, musamman idan nau'insu ɗaya ne kamar lambobi biyu, ko kuma `True` da `False` ne, to a sa masa tauraro tun ranar farko. Yana da wata fa'ida ta gaba: bayan tauraro jeri ba ya da tasiri, don haka kana iya ƙara sabon gurbi a ko'ina a cikinsu ba tare da ka karya tsofaffin kira ba. Idan babu tauraro, sabon gurbi sai dai ya je can ƙarshe, domin cusa shi a tsakiya zai karkatar da lambobin duk wanda ya kira aikin ba da suna ba. A siga ta 3.8, a 2019, an ƙaro kishiyar wannan, wato alamar `/`, wadda ke hana ambaton sunan guraben da suka gabace ta. Amfaninta ya fi yawa ga masu rubuta kayan aikin da dubban mutane za su dogara da su, kuma ƙaramar manhaja irin tamu ba ta cika buƙatarta ba.

A tuna kuma cewa sauya ƙimar tanadi ba ƙaramin gyara ba ne. Ranar da ka mayar da 200 ta zama 300, ka sauya sakamakon kowane kira da ya yi shiru a kan dako, a duk inda yake, ba tare da an taɓa layinsa ba.

Mataki na bakwai: gado

Zoɓo yana da aikin da riɗi ba shi da shi, domin sai an tsince shi kafin a ɗure a buhu, don haka muka yi masa aji na daban da ya gaji `Rumbu`. Ƙa'idar ita ce duk kiran da aji na asali yake karɓa, magajinsa ma ya karɓa. Yana iya ƙara guraben ganin dama, amma kada ya rage, kada kuma ya mayar da na ganin dama dole, domin sauran manhajar tana kiran `sayar` ba tare da ta duba wane irin rumbu ne a hannunta ba.

```python
class RumbunZobo(Rumbu):
    def sayar(self, hatsi, buhu, farashi, *, tsinta=0, **saura):
        return super().sayar(hatsi, buhu, farashi - tsinta, **saura)
```

Tauraro biyu da ke gaban `saura` suna tattara duk abin da aka ambata da suna wanda wannan aikin bai sani ba, su zuba shi a ƙamus, sannan a miƙa shi sama yadda ya zo. Amfaninsa shi ne magaji bai sake rubuta `laada` da `dako` da `rana` ba, balle wata rana su saɓa da na asali. Haɗarinsa kuwa yana bayyana ne idan aka karɓi `saura` ba a miƙa shi ga kowa ba, ko aka riƙa zaro abubuwa daga cikinsa da hannu: wanda ya yi tuntuɓen rubutu ya sa `laadda=0` ba zai ji komai ba, manhaja ta haɗiye kuskuren ta cire cikakkiyar la'ada. A misalin da ke sama ba haka ba ne, domin ƙamus ɗin yana ƙarewa ne a aikin da ya jera sunayensa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma zai ƙi baƙon suna da `TypeError`.

Mataki na takwas: rubuta nau'i, kuma ka san lokacin tsayawa

Tun siga ta 3.5, a 2015, ana iya rubuta nau'in abin da gurbi yake karɓa, kuma daga 3.10, a 2021, ana rubuta shi a taƙaice haka: `laada: int | None = None`. A tsofaffin siga `Optional[int]` ake rubutawa. Sunan nan yana ruɗar mutane, domin ba ya nufin ana iya tsallake gurbin. Abin da yake nufi kawai shi ne gurbin yana karɓar `None`. Alamar daidai da ƙimar da ke bayanta su ne suke mayar da gurbi ganin dama. Python ba ya tilasta waɗannan alamu lokacin aiki, amma manhajar bincike irin mypy tana karanta su ta nuna maka inda ka yi lissafi da abin da zai iya zama `None`.

Idan ajin na riƙe bayani ne kawai, `dataclass`, wanda ya zo a 3.7 a 2018, yana rage rubutu, kuma yana tsare ka daga kuskuren mataki na biyu: idan ka sa jeri fanko a matsayin tanadi zai ƙi da `ValueError`, sai ka rubuta `ajiya: list = field(default_factory=list)`, wanda ke ƙera sabon jeri ga kowane ɗan aji.

Akwai kuma lokacin da yawan guraben ganin dama yake nuna cewa aiki biyu ne aka cusa a riga ɗaya. Wasu manoma da buhu suke kawo kaya, wasu da tiya. Da farko na so in yi `buhu=None, tiya=None`, sai na ga dole in tsara abin da zai faru idan an ba da duka biyun, da kuma idan ba a ba da ko ɗaya ba. Duk lokacin da ka ji kanka kana cewa wannan gurbi ba ya aiki sai in wancan fanko ne, to raba su. A Python ba a rubuta aiki biyu da suna ɗaya a aji guda, domin na biyun yana shafe na farko ba tare da gargaɗi ba, don haka suna daban ake ba su:

```python
class Ajiya:
    def __init__(self, hatsi, buhu):
        self.hatsi = hatsi
        self.buhu = buhu

    @classmethod
    def daga_tiya(cls, hatsi, tiya, *, tiya_a_buhu=40):
        return cls(hatsi, tiya / tiya_a_buhu)
```

A rumbunmu tiya 40 muke ƙirga buhu, amma na bar shi ganin dama saboda buhu ya bambanta, awon gari ma ya bambanta. Irin wannan tsari ne Python ya bi a `date.fromisoformat` da `dict.fromkeys`.

Wanda zai koma wani harshe kada ya tafi da waɗannan ƙa'idoji a ka ba tare da ya duba ba. JavaScript, tun sigar 2015, yana sake lissafa ƙimar tanadi a kowane kira, don haka matsalar jeri guda ba ta taso ba, amma `undefined` ne kawai yake jawo tanadin, `null` ba ya jawo shi. Java ba shi da ƙimar tanadi sam, sai dai a rubuta ayyuka da yawa masu suna ɗaya da gurabe daban-daban, gajeren ya kira dogon. C# ya samu guraben ganin dama a siga ta 4.0 a 2010, kuma yana dasa ƙimar ne a wurin mai kira lokacin harhaɗa manhaja, ta yadda idan aka sauya ta sai an sake harhaɗa masu kiran kafin su ga sabuwar.

Mataki na tara: gwaji

Kowane gurbin ganin dama yana buƙatar a gwada shi ta fuska uku: an yi shiru, an ba da ƙima ta sosai, an ba da sifili ko fanko. Duk ajin da yake riƙe jeri ko ƙamus kuma a gwada shi da 'yan aji biyu, ba ɗaya ba. Wannan ba ya buƙatar intanet ko wani kayan aiki. Ko a waya mai Pydroid 3, manhajar da ke gudanar da Python a wayar Android, ana iya yin sa da `assert`, wanda yake wucewa shiru idan maganar gaskiya ce, ya tsayar da manhaja idan ba haka ba.

```python
r = Rumbu("gwaji")
assert r.sayar("riɗi", 10, 90000) == 893000
assert r.sayar("riɗi", 10, 90000, laada=1000) == 888000
assert r.sayar("riɗi", 10, 90000, laada=0) == 898000

r.gyara(0, mai_bashi="ɗan kasuwa")
r.gyara(0, farashi=91000)
assert r.littafi[0]["mai_bashi"] == "ɗan kasuwa"
r.gyara(0, mai_bashi=None)
assert r.littafi[0]["mai_bashi"] is None

a, b = Manomi("a"), Manomi("b")
a.ajiya.append("dawa, buhu 1")
assert b.ajiya == []
```

Ajiye waɗannan layuka a fayil na daban kusa da manhajar, ka kunna shi duk lokacin da ka taɓa layin `def` na kowane aiki, ko da suna ɗaya ka sauya. A namu fayil ɗin, layin `laada=0` shi ne na farko da na rubuta, a daren da aka mayar wa uwar marayun nan naira 5,000 ɗinta, kuma kafin kowace kaka nakan zauna da ma'aji mu ɗauko ciniki goma daga littafinsa na hannu, musamman waɗanda aka yi rangwame ko aka yafe wani abu a cikinsu, mu shigar da su ɗaya bayan ɗaya mu ga ko allo da takarda sun faɗi lamba ɗaya.